Kaka Mai Dogon Farce

Ina cikin duti a asibiti ranar wata Asabar da hantsi wayar ƙanena ta shigo. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Yaya, Kaka ta rasu." Na ce wace Kakar? Wallahi haka na tambaye shi, alhali Kaka ɗaya gare mu a duk ƙasar nan ta Amurka, wato surukarsa, mahaifiyar matarsa, Baturiyar Ailan ɗin nan da ta ci masa a gidana jiya-jiya da yamma har tana neman ƙarin yaji. Na ce, "Kai, ka san abin da kake faɗa kuwa?" Ya ce, "Yaya, ga ni a kanta." Na zube a kan keken marasa lafiya ina ta salati. Ni da nake nas, nake ganin mutuwa kusan kullum, ranar sai da abokiyar aikina ta riƙe ni.

Ba ciwo, ba kwanciya, ba ko atishawa. Ɗalibanta sun taru a ɗakin ƙasa na cocin da take koyarwa a Alexandria, ta jingina garayarta a kafaɗa tana ɗaure tsirkiya, sai suka ga ta kwantar da kumatunta a jikin katakon. Sun zaci saurare take yi, don ta saba yin haka. Har wani ya yi gyaran murya kafin su gane.

Matar ƙanena, wadda har yau muke kira amarya duk da ta yi furfura, ba ta yi kuka ba ranar, sai zagaye ɗaki take tana tambayar kowa ko ya sha shayi. Maƙwabciyar Kaka, wata 'yar Kumasi mai aikin kula da tsofaffi, ta tsaya a bakin lif tana tafa hannu tana cewa, "Ei! Da safen nan fa ta wuce ni a matakala, ta ce in bar hawa lif in ina son in daɗe!" Wasu dattawan Ailan, manyan mutane masu jajayen fuskoki, suka zauna a jere suna kuka ba kunya. Mutanenmu na Beltsville kuma suka yi ta bugo waya, kowa sai ya yi salati sannan ya rasa irin addu'ar da ta dace. Na ce musu su yi mana ta haƙuri, sauran kuma tsakaninta da Mahaliccinta ne.

Amma babban tashin hankalina shi ne gaya wa Inna, mahaifiyarmu. Na kamo hanyar gidana a Germantown, inda take zaune da ni, ina tsara yadda zan fara, na isa ban tsara komai ba. Na same ta tana tsince wake. Da na faɗa, ta dube ni ta ce, "Ƙarya ne." Na sake faɗa. Ta ce, "Uwar amarya? Wadda ta manta safar hannunta a kan kujerar nan jiya?" Ta juya ta kalli safar, farantin waken ya suɓuce ya watse a ƙasa. Sai ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, "Wayyo ni! Faratan yarinyar nan! Na shiga uku, faratan Ummi!"

Wanda bai san gidanmu ba zai ce tsohuwa ta ruɗe. Ba ta ruɗe ba. Don a fahimci wannan ihun, kuma don kada a manta da matar da ta jawo shi, na zauna nake wannan rubutu.

An haifi Kaka a wani ƙauye na bakin teku a yammacin Ailan, inda ta ce tumaki sun fi mutane yawa, sun kuma fi su hankali. Kawunta makaho ne, makaɗin garaya, shi ya koya mata tun tana ƙarama. Garayar tasu ba irin tamu ba ce. Katako ne mai kusurwa uku, a tsaye, ana jingina shi a kafaɗar hagu, tsirkiyoyinsa kusan talatin. Yawancin makaɗan yanzu sun koma tsirkiyar roba, wadda ake kaɗawa da tsokar yatsa. Ta Kaka kuwa ta tagulla ce, irin ta mutanen da, kuma tagulla ba ta amsa wa tsoka, sai farce. In farce ya taɓa ta, sai ka ji wani amo kamar na ƙararrawa, ya daɗe yana yawo a ɗaki. Shi ya sa rabin aikin makaɗi shi ne bin tsirkiya yana kashe amonta da yatsa. Kullum tana yi wa ɗalibanta tsawa, "Kun kaɗa, to ku kashe! Ita ba ta san ta yi shiru da kanta ba, halinta ɗaya da ƙanwar mijina."

Ta zo Amurka tana budurwa, ta yi renon 'ya'yan mutane, garayar na naɗe a bargo ƙarƙashin gado. A hankali aka san ta. Ta yi kiɗan aure, ta yi na makoki, ta yi a makarantu da majalisun manya, ranar bikin waliyyin ƙasarsu a watan Maris kuwa ko ruwa ba ta samun sha a zaune. Amma ba ta kiɗa a mashaya, kome za a ba ta. Ta taɓa tsayawa a tsakiyar kiɗa a wata liyafa don wani babban mutum yana surutu, ta naɗe hannu ta ce, "Ƙarasa, ranka ya daɗe, muna jiranka." An sha roƙonta ta koma roba, ta fi sauƙi, ta fi samun kira. Ta ce zaren roba na masunta ne, ita ba kamun kifi take yi ba.

Duk rayuwarta a kan faratan nan ta gina ta. Ba ta buɗe gwangwani, ba ta ɓare lemo, ba ta fita sai da safar hannu ko da rani ne. Marigayi mijinta shi ya yi wanke-wanken gidan har ya koma ga Allah. A cikin jakarta kullum akwai wani ɗan magogin farce na gilashi, kowace safiya sai ta goge su a karkace, kowanne da irin kwanciyarsa. In ka gan ta a jirgin ƙasa, 'yar tsohuwa siririya rungume da garayar da ta kusa tsawonta, tana harara duk wanda ya matso, sai ka rantse jariri ta ɗauko.

Inna ta zo ƙasar nan ne wankan jego lokacin da aka haifi 'yar ƙanena, aka sa mata sunan Innar, muke kiranta Ummi. Ranar da surukan biyu suka fara haɗuwa, Inna ta kalli hannun Kaka ta matso kusa da ni ta ce, "Ikon Allah! Wannan ba ta da mai yanke mata ne?" Ita Inna, tun muna yara, ba a yin Juma'a a gidanta ba a jeru an miƙa hannu ba, da sabuwar reza. Ba ta jin Turanci, Kaka ba ta jin Hausa, ni ce tafinta. Allah ya sani rabin abin da suka faɗa wa juna a cikina ya tsaya.

Rigimar ta tashi ne da Ummi ta isa makaranta. Yarinyar nan in ta ji garaya sai ta bar abinci. Kaka ta ga haka ta ce ta samu magajiya, don 'yarta amarya ko tafi ba ta iya yi daidai ba. Sai ta yi mako tana lallaɓa faratan, Juma'a na zuwa Inna ta share su tas. Wata rana Kaka ta zo har gida a fusace ta ce, "Gaya wa uwarki, a ƙasarmu a da, in sarki zai hukunta makaɗi, faratansa ake yankewa. Laifin me jikata ta yi?" Na juya na ce, "Inna, tana gaishe ki, ta ce ko za a ɗan rage yankan." Inna ta ce, "Gaya mata jikata ba shaho ba ce." Na ce, "Kaka, ta ce za ta duba." Suka kalle ni su biyu, don kowacce ta ji maganarta ta fi haka tsawo.

An shekara ana wannan kafin a yi sulhu, kuma sulhun ma abin dariya ne. Ashe ba a kiɗa da ƙaramin yatsa. To, sai aka raba: ƙananan yatsu biyu da na ƙafa duka na Inna ne, sauran takwas na Kaka, bisa sharaɗin a wanke su da buroshi kafin kowace alwala. Abu ɗaya suka taɓa yarda a kai ba gardama, shi ne farcen roba na kanti. Kaka ta ce amonsa na ƙarya ne, Inna ta ce alwala ba ta yi da shi. Ranar har hannu suka yi.

Ba zan manta da abin da ta yi mini ba lokacin da maigidana ya rasu. Ina cikin takaba, gida cike da masu gaisuwa, tukwane sun taru a kicin har ƙasa. Kaka ta shigo, ta dube ni, ta wuce kicin. Can sai na ji ƙarar kankare tukunya. Na leƙa na ga matar nan da ba ta taɓa wanke ko cokali ba ta cire safar hannu, ta duƙufa a kan ƙanzon tuwo. Farata biyu suka karye, ta soke kiɗan da aka gayyace ta a watan gaba ɗaya. Da na yi magana ta ce, "Rufe mini baki, ki je ki yi kukanki." Tun daga ranar Inna ta fara ajiye mata masa duk Juma'a da yamma, tana mita tana ajiyewa.

Akwai wani kiɗa guda da ya fi kowanne nauyi a wurinta, tana ce masa kiɗan bankwana. Al'adar gidansu ce: ba a rubuta shi, ba a ɗaukarsa a na'ura, ba a kaɗa shi a taro. Malami yana koya wa ɗalibi ɗaya tak, gutsure-gutsure, kuma ba a haɗa shi cikakke muddin malamin na numfashi. Sai ranar da ya mutu ɗalibin zai tsaya a bakin kabarinsa ya kaɗa daga farko har ƙarshe. Haka kawunta ya yi wa nasa malamin, haka ita ma ta haye teku ta yi wa kawun. Ummi kaɗai ta koya wa. Ta sha faɗa a gabanmu tana dariya, "Ni ban damu da fure ba, ban damu da akwati mai kyau ba. Wannan kawai nake bi, kada a binne ni shiru."

To, ga abin da ya faru a makon da ta rasu. Ummi ta gama sakandare ke nan, muka je wani biki a Beltsville ranar Alhamis. Ana cikin ƙunshi wata mata, wadda ba zan faɗi ko 'yar wane gari ce ba, ta kama hannun Ummi ta ɗaga sama ta ce, "Hajiya, jikarki ce wannan? Ai na zaci ba ta da manya a gida. Da waɗannan take cin abinci?" Mata suka kwashe da dariya. Inna ba ta ci komai ba a bikin nan.

Da safiyar Juma'a ta fito da reza ta ce, "Ummi, kawo hannunki." Na ce, "Inna, sulhun fa?" Ta ce, "Ba da ke nake ba." Ummi ta dube ni, ta dubi kakarta. Yarinya ce mai jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, ranar kuwa ko da Turancin ba ta amsa ba. Ta durƙusa ta miƙa hannu biyu. Inna ta yanke su duka goma, har gindi.

Da yamma Kaka ta zo cin masa. Muka yi tsuru-tsuru muna jiran gidan ya tashi. Ta kama hannun Ummi ta jujjuya, ta daɗe tana kallon Inna, Inna kuma ta kafe ido a bango. Sai ta ce da ni, "Gaya mata aikin ya yi kyau, ko ƙwarzane babu. Wani ne ya ɓata mata rai, na gani. Ba komai, farce tsirowa yake. Muna da lokaci." A karon farko na fassara magana yadda take, ban rage ko kalma ba. Ta ci masarta, ta nemi ƙarin yaji, ta tafi ta manta safar hannu. Washegari da hantsi ƙanena ya bugo waya.

Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan maimaita su. Ummi ta ɗauko garayar ta gwada, tagulla ta ƙi. Wani dusasshen sauti kawai take bayarwa, yarinyar ta yi ta ja har yatsunta suka yi bororo. Makaɗa abokan Kaka suka zo daga garuruwa, kowa da garayarsa ta roba, kowa na son taimakawa, amma babu wanda ya san kiɗan, kuma ba a koya shi a kwana biyu. Wani ya kawo shawarar farcen kanti, Ummi ta girgiza kai. Ba ta ce wa Inna komai ba, ko kallon banza. Da ma ta yi faɗa da ya fi sauƙi, don Inna ta daina cin abinci, sai ruwan shayi.

A gidan da ake shirya gawa, mai aikin ya tambayi amarya cikin ladabi ko a rage wa mamaciya farata, don sun yi tsawo. Inna ta ce, "Me ya ce?" Na gaya mata. Tsohuwar nan ta miƙe tsaye, ta nuna shi da yatsa ta ce, "Kul! Kada wanda ya taɓa mata ko ɗaya!" Bature bai nemi fassara ba.

Aka binne Kaka shiru. An kai garayar bakin kabari a rufe cikin bargonta, aka dawo da ita a rufe. Ban taɓa jin nauyin shiru irin na ranar ba, kuma na ji haushi, na ji haushin matar bikin nan, da Inna, da ita kanta Kakar da ta ce muna da lokaci.

Da muka dawo gida wani dattijo cikin 'yan Ailan ya ce su a al'adarsu sukan koma a yi wa mamaci addu'a bayan wata guda. Na fassara wa Inna don dai a samu abin faɗa. Sai na ga ta ɗago. Ta ce, "Mu arba'in muke yi." Leɓenta suka yi ta motsi, tana lissafi. Ta ce, "Kuma iyakar abin da aka yarda mutum ya bar farce bai yanke ba, arba'in ne. Kira mini Ummi." Da ta zo, Inna ta ɗauko safar hannun da Kaka ta manta, ta zura mata da kanta, ta ce, "Daga yau ko ƙofa kika buɗe da hannun nan, ni da ke ne."

Jama'a, ba ku ga gadi ba! Inna ta karɓe wanke-wanke, ta karɓe shara, ita ke ɓare mata lemo, ita ke tsefe mata kai. Kowace safiya sai ta shafa wa faratan man shanu, ta ɗaga su a hasken taga tana dubawa kamar mai jiran shuka. Wani cikin mutanenmu ya ce anya ya dace a yi wa wadda ba Musulma ba arba'in? Inna ta ce, "Ni abinci zan dafa in raba wa maƙwabta, wanda ya ga dama ya ci." Matar bikin nan ma ta zo gaisuwa, idonta ya sauka a hannun Ummi, kafin ta buɗe baki Inna ta ce, "Tana da manya a gida. Biyu ne, ɗaya ta tafi."

Ranar arba'in muka tafi da safe. Inna ba ta taɓa shiga maƙabarta ba a rayuwarta, ranar ma ba ta shiga ba, ta tsaya a bakin shinge riƙe da ƙarfe, ni ina gefenta. Muna hango Ummi ta cire safa, ta jingina garayar a kafaɗar hagu. Da ta taɓa tsirkiyar farko sai amon ya iso har inda muke, garau. Na san gutsattsarin kiɗan nan, shekaru ina jin su ta bayan ƙofa, amma ban san haka suke ba in an haɗa. Dattawan nan suka cire huluna. Amarya, wadda ba ta zubar da hawaye ba tun ranar rasuwar, ta durƙushe a kan ciyawa, ƙanena na riƙe da ita. Ummi ta kai ƙarshe, ta ɗora tafin hannunta a kan tsirkiyoyin ta kashe amon.

Ta fito ta nufo mu kai tsaye. Inna ta buɗe jaka, don wa'adin farcen ya cika. Ummi ta durƙusa a kan tsakuwa ta miƙa hannu biyu, ta ce da Hausa, "Ga shi, Inna." Inna ta fito da reza ta yanke na ƙananan yatsu biyu ta ce, "Waɗannan nawa ne." Ta mayar da rezar. Sai ta zaro ɗan magogin gilashin nan na Kaka, ashe ta roƙi amarya ta ba ta. Ta bi sauran takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya tana gogewa a karkace, kowanne da irin kwanciyarsa, daidai yadda mai shi take yi. Duk shekarun nan da take mita, ashe kallo take. Ta busa ƙurar ta ce, "An rage ai. Wanda ya ce ba a rage ba ya zo ya same ni."

Sannan ta juya ta kalli sabon kabarin ta tsakanin ƙarafan shinge, ta daɗe, ta share ido da bakin mayafi. Ta zungure ni da gwiwar hannu, yadda ta saba, ta ce, "Gaya mata ta ci nasara."

Wallahi har na buɗe baki zan fassara.